A sake ginin, amma a bar tsohuwar ƙofa a buɗe

Masu rubuta manhaja don sha'awa suna da wata cuta tasu. Mutum yana da ɗan shafinsa na intanet, rubuce-rubucen ciki ba su taka kara sun karya ba, amma duk bayan shekara biyu sai ya rushe shi ya sake gini.

Yawanci da WordPress ake farawa, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003. Idan ya gaji da sabunta ta da fargabar masu kutse, sai ya koma Jekyll, wadda Tom Preston-Werner ya rubuta a 2008, mai juya rubutu zuwa shafukan HTML zalla. Bai gama zama ba sai ya ji ana cewa Hugo ta Steve Francia, wadda ta fito a 2013, ta fi sauri. Ya sake kwashe kaya. Rubutu na farko a sabon gida shi ne labarin yadda aka gina gidan. Na biyu kuwa sai an ga hali.

Wannan ba abin zargi ba ne. Tela ma a kan rigarsa yake gwada sabon yanka. A shafin kansa mutum ke koyon aiki ba maigida a kansa, ba mai ciniki yana kirga masa kwanaki.

Inda gizo ke saƙar shi ne adireshi. Kowace manhaja da yadda take tsara sunayen shafuka, don haka ana ƙaura sai tsofaffin adireshin su mutu. Wanda ya adana rubutun shekara biyar da suka wuce, ko ya tura wa abokinsa, ya latsa sai ya ci karo da lamba 404, alamar cewa ba a sami shafin ba. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bayyana a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke raye a 2013 sun ɓace bayan shekara goma. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo, tun 1998 ya yi rubutu yana jan kunne cewa a daina sauya adireshi. Ita kanta cibiyar CERN, inda ya yi aikin, sai a 2013 ta dawo da shafinsa na farko a adireshinsa na asali.

Abin da ya sa mutane da yawa suka gina nasu shafin ke nan tun farko, tsoron a wayi gari an rufe musu ƙofa. Sun ga abin da ya sami GeoCities, mai ba mutane wurin kafa shafukansu, wadda Yahoo ta saya a 1999 kan kuɗi sama da dala biliyan uku, ta rufe ta a 2009, sai abin da 'yan sa-kai irin su Archive Team suka iya tsamowa. Sun ga Google+ ta bi sahu a 2019. A Najeriya an ɗanɗana wani nau'in haka lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. To ina amfanin mutum ya gudu daga gidan haya, sannan ya yi wa rubutunsa da hannunsa abin da Yahoo ta yi wa GeoCities?

Maganin bai kai wahalar zaɓen launi ba. Kafin a taɓa komai, a fitar da jerin duk tsofaffin adireshi. Bayan an gama gini, a sa wa kowanne umarnin 301, wanda ke tura mai ziyara sabon wuri kai tsaye. Hugo ma tana da hanyar da ake rubuta tsohon adireshi a saman rubutu, ita ta yi sauran aikin.

Sai batun nauyi. A 2018 mujallar Low-tech Magazine ta Kris De Decker ta sake gina shafinta a kan wata 'yar kwamfuta mai aiki da hasken rana a Barcelona. Sun rage nauyin hotuna, sun yi amfani da zanen haruffan da ke cikin na'urar mai karatu, kuma idan hadari ya daɗe shafin yakan ɗauke. Ba kowa zai kai nan ba, amma mai karatu da ke lissafin datarsa zai gode wa wanda ya sauƙaƙa.

Mai rubutu da Hausa kuma yana da gwaji ɗaya na ƙari. Zanen haruffa masu kyan gani da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Kafin ya sanar da abokai cewa an buɗe sabon shafi, ya rubuta “ƙwaƙwalwa” da “ɓarawo”, ya duba su a tsohuwar waya, sannan ya latsa adireshin rubutunsa na farko ya ga inda zai kai shi.