DAGA LOKESHAN: Ranar Da Esi Ya Kusa Korar Jaruma A Dagumawa

Yau ba labarin aure ko saki na zo maku da shi ba, labarin esi ne. E, na'urar sanyaya ɗaki, wadda a kan idona ta kusa jawo wa wani furodusa asarar yini guda.

A watan Afrilun da ya wuce na bi ayarin wasu 'yan fim zuwa Dagumawa, cikin ƙaramar hukumar Wudil, inda wani bawan Allah ya ara masu falonsa. Kowa ya san Afrilu a ƙasar Kano, zafi kan haura digiri 40. Esin falon yana ta kuka, amma iskarsa ba ta da maraba da ta fanka. Jarumar, wadda ba zan kama sunanta ba, sau uku ana yi mata kwalliya gumi na wankewa. A fim ɗin 'yar gata ce, amma a kamara sai ka rantse daga surfe ta taso. Ta ce wallahi in ba a gyara ba Kano za ta koma. Ga kuɗin hayar kamara, ga na mota, ga abincin jama'a.

Nan take kowa ya zama injiniya, aka yanke hukunci cewa gas ne ya ƙare. Aka ɗauko wani dattijo mai gyara daga cikin garin Wudil, furodusa har ya zaro kuɗi. Dattijon ya ce, "Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa. Zagaye yake yi cikin bututu, in ya ragu to wani wuri ne ke yoyo."

Rimot ya fara karɓa, ya tabbatar yana kan alamar ƙanƙara, don in yana kan alamar fanka kwamfuresa ba zai tashi ba. Sai ya ɗaga murfin gaba ya zaro ragar da ke tace ƙura. Jama'a, kun ga bargo? Ƙurar hunturu ce tun ta Disamba ta toshe ta. Ya wanke da ruwa, ya shanya a inuwa. Muka zagaya baya, sai ga injin waje an jingina masa buhunan ƙaiƙayi da tsohon langa-langa. Ta nan esi ke fitar da zafin da ya kwaso daga ɗaki, in an toshe shi ina zafin zai je? Aka kwashe, ya kashe wuta, ya wanke ƙurar jikinsa.

Sanyi ya dawo, amma da aka kunna fitilu sai gumi ya sake tsatsafowa. A nan laifin namu ne. Esi mai hos ɗaya da rabi yana iya kwashe zafin da ya kai wajen wat 3,500. Fitilunmu irin na da ne, guda uku, kowace wat 800, kun ga 2,400 kenan. Jikin mutum ɗaya na fitar da kamar wat 100, mu kuwa da 'yan kallo mun kai goma sha biyar. Ku haɗa da kanku, 3,900 ne, ba a ma sa zafin rana da ƙofar da ake ta buɗewa ba. Darakta ya sallami 'yan kallo, aka rufe ƙofa, aka saki labule, aka riƙa kashe fitilu tsakanin fitowa da fitowa. Kafin magariba an gama aiki, jaruma har da tsokanar mai kwalliya.

To, masu situdiyo a Zoo Road, da ku da ke da esi a gida ko shago, ga abin da na ƙaru da shi. Ku wanke raga duk bayan mako biyu lokacin ƙura. Ku bar wa injin waje fili. In wuta ba ta da ƙarfi ko janareta ya yi ƙarami, kwamfuresa zai yi ta gurnani ya kasa tashi, a nemi sitabilaiza ko injin da ya isa. In an kashe esi, a jira minti uku kafin a kunna. Amma in raga na da tsabta kuma kuka ga ƙanƙara a jikin bututu, to a kira mai gyara, ya fara like yoyon kafin ya zuba gas. Kar kowa ya buɗe injin da kansa, akwai abin da ke riƙe wuta ko an kashe.

Shi kuwa dattijon, kuɗin mota da na goro kawai ya karɓa. Allah Ya ƙara mana irinsa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.