Ɗan Aiken Da Ba Ya Barci

Maganar da mu ke so mu baje a faifai yau ta shafi 'yan'uwanmu waɗanda suka mai da wallafa a intanet sana'a, ko kuwa hanyar isar da ilmi, watau marubutan labarai, da malamai masu ɗora karatu, da masu koya wa jama'a ɗinki ko girki ta hoton bidiyo. Kowa a cikinsu ya san farawa ba ta da wuya, ɗorewa ce aiki. Mutum ya kan tashi da zafi, ya yi mako biyu kullum yana zuba wa jama'a abu, sa'an nan a ji shi tsit har wata uku, in ya komo ya tarar masu bin sa sun watse, kowa ya kama gabansa. Saboda wannan ciwo ne aka ƙago waɗansu manhajoji waɗanda aikinsu shi ne su riƙe wa mutum rubutunsa, su fitar da shi a ranar da ya yanka da sa'ar da ya ambata, ko yana nan ko ba ya nan.

Abin ba sabo ba ne ƙwarai. Manhajar WordPress, wadda mutane da yawa ke gina shafunansu da ita, ta fito tun 2003, kuma a cikinta mutum na iya sa wa rubutu kwanan wata na gaba, ya tafi ya bar shi. A 2008 aka kafa Hootsuite a birnin Vancouver na ƙasar Kanada. A ƙarshen 2010 wani saurayi mai suna Joel Gascoigne ya fito da Buffer a Birmingham ta Ingila, domin yana son ya jera saƙonninsa na Twitter a layi su riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, kada ya juye su gaba ɗaya a kan mutane. Daga baya manyan gidajen da kansu suka sa irin wannan a cikin kayansu. Telegram ta sa a 2019, YouTube na da shi a ɗakin aikinta, masu Facebook da Instagram kuma suna da nasu kyauta, wanda a ke kira Meta Business Suite.

Yadda abin ke aiki kuwa ba wani sihiri ba ne. Mai rubutu ya kan ba manhajar izinin shiga shafinsa, kamar yadda mai gida ke ba amintaccen bara mabuɗin zaure. Sa'an nan ya zauna rana ɗaya ya shirya abin da zai fitar na mako guda ko na wata, ya yanka wa kowanne rana da sa'a. Rubutun ba a cikin wayarsa zai kwana ba, a manyan kwamfutocin kamfanin a ke ajiye shi, in lokaci ya yi su ne za su tura shi, ko da wayar a kashe ta ke. Galibinsu su kan nuna wa mutum jadawalin watan gaba ɗaya, ya ga ranar da ya cika da ranar da ya bari fayau, su kan kuma gaya masa lokacin da masu karatunsa suka fi hallara. Sai dai a lura da agogon manhajar, a saita shi bisa lokacin ƙasar da a ke nufi, gama Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi suna gaban Gana da sa'a guda, Sudan kuwa tana gabanmu da sa'a guda.

To, ra'ayinmu a kan wannan al'amari shi ne a karɓe shi hannu bibbiyu, kuma mu a nan mun fi waɗanda suka ƙago shi bukatarsa. Baturen da ya yi Buffer bai san ɗauke wuta ba. Mu kuwa mun ga yadda a watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo lantarki, har cajin waya ya zama abin bin layi. Wanda ya riga ya jera aikinsa na mako biyu, a wannan lokaci shafinsa bai yi shiru ba. Haka kuma kamfanonin waya su kan sayar da data da araha a cikin dare, saboda haka mai bidiyo na iya ɗora kayansa da tsakar dare, ya sa su fito bayan La'asar, lokacin da mutane suka taso daga aiki. Ga kuma matan da ke rubuta labari babi-babi, alhali ga girki ga reno. In ta sami sarari ranar Lahadi ta rubuta babi uku, babu dalilin da zai sa ta sake su duka a wuni guda, sa'an nan ta bar masu karatu da zaman jira har wani mako.

Akwai masu cewa wannan yaudara ce, domin mai karatu yana zaton da shi a ke magana yanzu, alhali mai maganar yana barci. Wannan zance bai kama hankali ba. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, galibin jaridu tun kafin ranar da mai karatu zai buɗe su a ke rubuta su. Liman ma ya kan shirya huɗubarsa tun kafin Juma'a, ba wanda ya ce ya yaudari masallaci. Sashen Hausa na BBC kuwa, tun daga 1957, abin da ya dasa shi a zukatan mutane har da sanin cewa in sa'a ta yi, za a murɗa akwati a same shi. Tanadi tun kafin lokaci mutunta jama'a ne. Alkawari kaya ne, wanda ya ce wa mutane ku tare ni kowace Talata, to, ya ɗauki bashi, in ya sami abin da zai taimake shi biya, ya yi kyau.

Amma fa wannan ɗan aike, duk da ba ya barci, makaho ne kuma kurma. Agogo kaɗai ya sani, bai san abin da gari ya kwana da shi ba. Alal misali, a ɗauki maganar wata. Kalandar da ke cikin manhajar ta Turawa ce, ranakunta a ƙayyade su ke tun shekara ba ta kama ba. Mu kuwa ba mu san ranar Salla ba sai daren da aka cika azumi 29, in an ga wata Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, in ba a gani ba a cika 30. A kan sami shekarar da Nijar za ta sha ruwa Nijeriya tana azumi. To, wanda ya jera barka da Salla tun mako guda kafin nan, ya dogara ga lissafin kalanda, yana iya wayar gari ya ga shafinsa ya sauke wa mutane azumi alhali da saura kwana guda. In mutum ne da jama'a ke ɗaukar maganarsa, ɓarnar ba ƙarama ba ce.

Mafi muni daga wannan shi ne ranar makoki. A ce an yi babban rashi a gari, ko kwale-kwale ya kife da mutane, ko gobara ta cinye kasuwa, kowa yana ta'aziyya, sai ga shafin wane ya fito da barkwanci ko tallan atamfa, domin tun ranar Asabar aka jera shi. Ba wanda zai ce laifin manhaja ne, sunan mai shafin a ke gani. Magana zarar bunu ce, kafin ya farka ya goge, an riga an ɗauki hotonta an yaɗa. Masu Buffer sun san da wannan, shi ya sa suka sa wurin da a ke dannawa a tsayar da layin gaba ɗaya, amma sai mai ido a kan gari ne zai danna. Saboda haka wajibi ne mutum ya raba kayansa kashi biyu. Abin da ba ya lalacewa da daɗewa, kamar darasin nahawu, ko babin labari, ko yadda a ke haɗa taki, wannan a ba ɗan aike. Abin da ya rataya ga yini, kamar labarin gari, da farashin kasuwa, da gaisuwar Salla, wannan mutum ya riƙe a hannunsa, ya fitar da kansa. Ko na kashin farkon ma, ya kamata a leƙa layin kowace safiya kafin a fita.

Aibu na biyu ya fi ɓoyuwa. Jadawalin nan da manhaja ke nunawa, duk ranar da ba a sa kome ba ta kan tsaya fayau tana kallon mutum, kamar tana tuhumarsa da lalaci. Ga kuma masu horo ko'ina suna cewa in ba ka fitar da abu kullum ba, ko sau uku a yini, za a manta da kai. Ya kamata a tuna cewa gidajen nan da talla su ke ci, iyakar yawan abin da aka zuba musu iyakar daɗewar mutane a ciki, saboda haka yawa ribarsu ce, ko ya amfani mai karatu ko bai amfane shi ba. Tun bayan fitowar ChatGPT a Nuwamba na 2022 kuma, sai ga Buffer da Hootsuite a 2023 sun sa mataimakin rubutu irin wannan a cikin kayansu, mutum ya ba shi kan magana ya cika masa guraben mako a cikin minti kaɗan. Nan fa jarrabawa ta zo. Wanda ilminsa na rubutu biyu ne a mako, ya ɗora wa kansa bakwai, dole biyar ɗin su zama ƙaiƙayi. Mai karatu kuwa ba wawa ba ne, ya kan gane Hausar da aka juyo daga Turanci, ya kan gane maganar da ba kowa a bayanta. In abin ya shafi addini ko magani, hatsarin ya wuce na gundura, domin na'urar ta kan kawo abin da ba shi da asali cikin lafazi mai daɗi, in ba a bincika ba a danganta wa malami abin da bai faɗa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Malamanmu sun daɗe suna horon ɗalibai da ɗorewa a kan aiki ko da ƙanƙane ne, ba su ce a yawaita ba. Almajiri ya kan sauke Alƙur'ani da allo ɗaya bayan ɗaya, ba a ƙara masa sai ya riƙe na hannunsa. Haka ya kamata mai wallafa ya auna kansa a makon da ya fi kowane matsi, ya ga abin da zai iya fitarwa mai kyau, wannan shi ne ma'auninsa. In sau ɗaya ne a mako, ya gaya wa jama'a ranar, ya tsare ta. Sa'an nan kada ya fara sai ya tara na mako uku ko huɗu a rumbu, domin ranar ciwo ko tafiya. Manhaja na iya tsare lokaci, amma ba ta noma abin da za a zuba a rumbun, kuma sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya.

Saura magana guda, ita ce a tuna duk wannan kayan aro ne. A 2023 Hootsuite ta janye sashenta na kyauta, a shekarar kuma TweetDeck, wadda mutane suka daɗe suna mora ba ko kwabo, ta koma ta masu biya kaɗai bayan Twitter ta zama X. Da dala a ke biyan irin waɗannan, ita kuwa dalar da ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba a farkon 2023, ta haura 1,500 a 2024. Gidan da a ke kai saƙon ma ana iya rufe shi, kamar yadda Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni na 2021 har Janairu na 2022. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ya fara da na kyauta da ke cikin gidan da ya ke wallafa, kada ya ɗauki kuɗin cefane ya biya abin da bai kai ga bukatarsa ba. Kuma duk abin da ya rubuta ya ajiye asalinsa a wurinsa, kada ya zama kwafinsa ɗaya tak yana hannun kamfanin da bai san da zamansa ba.

A ƙarshe muna jan hankalin 'yan'uwa ga wani haƙƙi da ba a iya wakilta shi. In rubutu ya fita, mutane su kan yi tambaya, wani ya kawo gyara, wani ya yi godiya. Wanda ya jera aikin wata guda ya juya baya, ya zama kamar malamin da ya aiko da karatu a takarda, ɗalibai suka taru a zaure ba wanda zai warware musu abin da ya shige musu duhu. Lokacin da manhaja ta rage wa mutum, a nan ya kamata ya kashe shi, ya zauna ko da rabin sa'a ne ya amsa wa jama'a, ya karɓi gyara in an yi masa, sauran kuma ya koma ga karatu da bincike domin abin da zai fitar gaba.

Allah ya ba mu ikon cika alkawari, ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga abin da zai sa mu nadama, ya sa abin da mu ke rubutawa ya amfani jama'a. Haza wassalam.