Ɗan Maraya Maroƙi Ne, a Daina Wanke Shi

Duk shekara idan watan Yuni ya kama, 'yan bokon Arewa sukan tuna da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015. Sai hotonsa ya cika Facebook, ga kuntigi a hannu, a ƙasa kuma a rubuta maganar da na gaji da gani: wai shi ba maroƙi ba ne, masanin falsafa ne. Masu faɗin haka suna zaton girmama shi suke yi. A ganina sana'arsa suke ci wa mutunci, kuma irin wannan magana tana cikin abubuwan da suka hana kuntigi samun magaji.

An haifi Adamu Wayya a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu ya bar shi yana jariri, mahaifiyarsa ma ba ta daɗe ba ta bi shi, sai Sarkin ya riƙe shi. A gidan roƙo aka haife shi ke nan. Abin kiɗansa kuwa bai fi gwangwanin kifi ba, an rufe da fatar akuya, an soka sanda, an ɗaura tsirkiya guda. Da wannan ɗan abu ya yi wa karen mota waƙa, ya caccaki auren dole, ya ƙarfafa wa sojojin Nijeriya gwiwa a lokacin yaƙin basasa, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Amma da shi dai ya wasa masu kuɗi da masu mulki, suka yi masa kyauta ya karɓa, kamar yadda Shata ya yi, kamar yadda Haruna Uji ya yi da gurminsa. Hikimar da muke yabo a cikin wannan sana'a ta tsiro. Wanda ya koyi karanta fuskar attajiri don ya san inda zai taɓa shi, shi ne ya iya karanta halin ɗan Adam.

To me ya sa muke ƙoƙarin raba shi da ita? Domin mu samu damar son mutum ɗaya mu ci gaba da raina sauran.

Bara na je bikin ɗan'uwa a wani ƙauye a ƙasar Rogo. An kafa manyan sifiku, janareta na ruri, yaro na danna waƙoƙin fiyano daga kwamfuta. Can wani dattijo ya iso da garaya a rataye. Ba wanda ya gayyace shi. A zamaninsa makaɗi ba ya jiran gayyata. Aka bar shi a ƙofar zaure wajen takalma. Da ya fara taɓa tsirkiya, wani babban ma'aikaci daga Kano, wanda na san ba ya rabuwa da waƙoƙin Ɗan Maraya a motarsa, ya miƙa masa ɗari biyar ya ce ya yi haƙuri ana hayaniya. Ni ma ban tashi na ba shi kujerata ba, kada in wanke kaina. Daga baya na same shi a gindin dalbejiya na ce, "Baba, wa ka koya wa?" Ya ce babu. Babban ɗansa ya fara, hannunsa ma ya faɗa, amma da ya je neman aure aka ce ba a ba ɗan maroƙi, sai ya ajiye ya kama acaɓa.

Wannan ita ce ƙasar da muka shafe shekara biyar muna jayayya a kan martabarta. A 2019 gwamnatin Ganduje ta kafa Masarautar Ƙaraye, a watan Mayun 2024 aka rushe ta, a watan Yuli aka dawo da ita a matsayin mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo. Kowane ɓangare da sunan al'ada ya yi magana. Amma al'adar da ake nufi ita ce ta sanda da rawani. Tambari da kakaki ba za su ɓace ba muddin akwai fada, domin fada ke ciyar da su. Garaya da gurmi da kuntigi kuwa talaka ne uban gidansu: mafarauci, manomi a wajen gayya, direba a tasha, uwar amarya. Ran da talaka ya koma sauraron waya, ba wanda ya gaje shi wajen riƙe su.

Wanda ya ƙaurace wa kiɗa saboda fahimtarsa ta addini, ba ni da faɗa da shi. Ba ya ji, ba ya yabo, maganarsa ɗaya ce. Faɗana da wanda yake sha daga rijiya yana tofa wa mai haƙa yawu.

Za a ce ai jami'o'i sun yi nasu. Gaskiya ne, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara waƙoƙin baka a Diwaninsa, ɗalibai kuma sun yi digiri a kan Ɗan Maraya. Aiki ne mai girma, sai dai baitoci ya adana. Takarda ba ta riƙe yadda yatsa ke danne tsirkiya guda ya fitar da muryoyi da yawa, ko yadda ake jiƙa fata a ja ta a kan gwangwani. Wannan daga hannu yake zuwa hannu, kuma sai an zauna tare wata da watanni.

A Nijar an samu ɗan boko da ya gane haka. Malam Mamman Barka malamin makaranta ne kafin ya shahara da gurmi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin Tafkin Chadi wajen Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya kiɗan biram na Buduma, ya zauna a gabansa a matsayin almajiri. Kafin Barka ya rasu a 2018 ya kai biram dandalolin Turai. Bai ce Bukar Tar masanin falsafa ne ba; ya durƙusa ya karɓi abin kiɗan.

Majalisar Masarautar Ƙaraye da ƙananan hukumomin nan biyu za su iya ɗaukar dattawan makaɗa huɗu ko biyar, a yanka musu albashi, a haɗa kowanne da yara, a naɗi sautinsu da hotonsu. Kuɗin ba zai kai na mota guda a ayarin shugaban ƙaramar hukuma ba. Abin da ya fi kuɗin wuya shi ne a samu ma'aikacin da zai yarda ɗansa ya zama ɗaya daga cikin yaran, ko ya ba wanda ya koya 'yarsa.

Makon jiya na tambayi ƙanena labarin dattijon. Ya ce yana nan da ransa, amma garayar tana rataye a ɗaki. Fatar ta tsage tun damina, mutumin da yake ɗinka masa kuma ya rasu.