Takin Gwamnati da Makomar Gandu

Sanin kowa ne cewa tun daga shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, da wuya a sami wata gwamnati a Nijeriya da ba ta yi alkawarin tallafa wa manomi ba. Alhaji Shehu Shagari ya zo da nasa shirin na bunƙasa noma a 1980, waɗanda suka biyo baya ma kowa ya zo da nasa. To, ya kai mai karatu, in har tallafin nan yana isa inda aka nufa, me ya sa gandu yake ta watsewa a ƙauyukanmu?

Gandu dai shi ne gonar gida, inda maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suke noma tare, su zuba a rumbu ɗaya. Daga rumbun ake ci, a yi wa samari aure, a yi hidimar suna da ta rashin lafiya, sannan kowa yana da 'yar gayaunarsa ta biyan buƙatun kansa. A ganina, yadda ake gudanar da tallafin taki yana cikin abubuwan da suka raunana wannan tsari.

A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da taimakon Bankin Duniya. Aka kawo ingantaccen irin masara da takin zamani mai arha, manoma suka ga amfani, masara ta mamaye gonaki da yawa da aka saba shuka dawa da gero. Ba a ƙi ta ba, domin masara ta rufa wa gidaje asiri. Sai dai gero da dawa suna iya haƙuri da takin gargajiya, da tokar murhu, da kashin shanun Fulani da ake kwantarwa a gona da rani. Ita kuwa masara ba ta san wannan haƙuri ba: in ba ta sami kamfa da wuri ba, aka bi ta da yuriya kafin ta yi bunu, sai dai a girbe kara. Ke nan an koya wa gidan manomi noman da ba ya yiwuwa sai da abin da ba ya hannunsa.

Shi kuma takin, doguwar hanya yake bi. Daga ɗan kwangila zuwa jiha, daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, daga nan zuwa kansila da shugabannin jam'iyya, kuma a kowane zango sai buhu ya yi ƙafa. Wani ya tsallaka iyaka, wani ya ɓulla a kasuwa da tsada, har da tambarin gwamnati a jikinsa. Dokta Akinwumi Adesina, sa'ad da yake ministan gona, ya sha faɗin cewa manoma 11 kacal cikin 100 ne suke samun takin da gwamnati ta biya wa tallafi a tsohon tsari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗan abin da ya rage kuma sau da yawa sai damina ta yi nisa ake ƙaddamar da rabonsa, da kiɗa da jawabai, alhali masara ta riga ta yi rawaya a gona.

A nan ne gidan talaka yake faɗawa tarko. Maigida ya jira takin gwamnati bai samu ba, dole ya ci bashi a wurin ɗan kasuwa, a kan zai biya da buhunan hatsi da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Shekara biyu ko uku a haka, sai a jinginar da wani sashe na gona. Wa zai karɓi jinginar? Mai hali, wanda da ma shi ne ya sami takin a farashin gwamnati saboda ya san wani. Samarin gida kuma, da suka ga sun yi noma shekara guda rumbu bai yi musu aure ba, sai su nemi a raba musu gona, ko su kama hanyar ci-rani. Su ne muke gani a Legas da Ibadan da Fatakwal suna turin baro da gyaran takalmi, kuma da yawansu damina ba ta ƙara mayar da su gida.

Adalci ne a faɗi cewa an gwada gyara. A 2012 aka fito da tsarin aika wa manomi saƙo ta wayar salula, ya je ya karɓi buhu biyu a rabin farashi. Ya rage satar da ake yi, amma buhu biyu ba su isa gandun mutum goma sha biyar, kuma tsarin ya dusashe bayan sauyin gwamnati a 2015. A watan Nuwamba na shekarar ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, wanda aka zuba wa fiye da naira tiriliyan 1. Noman shinkafa ya ƙaru, babu musu. Amma manoman biro da takarda, waɗanda ba su san kaifin fartanya ba, sun shiga jerin sunaye, wasu kuma suka ɗauki kuɗin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. Manomin gaskiya da ambaliyar 2020 ta cinye wa shinkafa a Kebbi, shi aka bari da bashi a wuya. Daga ƙarshen 2023 bankin ya janye hannu daga irin wannan lamuni.

Wani zai ce, to a cire tallafin baki ɗaya mana. An gwada hakan a 1997, amfani da taki ya faɗi warwas, har sai da aka dawo da rangwamen kashi 25 cikin 100 a 1999. Amurka da ƙasashen Turai ma ba su bar manomansu da kasuwa ita kaɗai ba. Abin da nake kira gare shi shi ne a karkatar da mafi yawan kuɗin zuwa abin da ba a iya lodawa a tirela cikin dare: hanyoyin da za su fito da amfanin gona daga ƙauye, malaman gona da suka yi ƙaranci, gyaran magudanan madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori da Goronyo domin noman rani ya riƙe samari a gida, da rumbunan ajiya da za su hana sayar da hatsi a wulaƙance da kaka.

Ragowar da za a kashe a kan taki kuma, ya isa ƙauye tun watan Afrilu, kafin saukar ruwan farko. A karanta sunayen masu karɓa da adadin buhunansu a ƙofar gidan dagaci, a gaban jama'ar da suka san wanda yake da gona da wanda ba shi da ita, kuma a yi lissafi da yawan masu ci daga rumbu, ba da katin jam'iyya ba.