Raddi ga Malamin da Ya Rage wa Nana Asma'u Daraja

Wani saƙon murya yana ta yawo a wayoyin mutane daga Arlit har Assamaka. A ciki wani malami, Allah ya ƙara masa sani, ya faɗi abin da bai kamata a yi shiru a kansa ba game da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu.

Ya ce ba marubuciya ba ce, waƙoƙin mahaifinta kawai ta juya zuwa Hausa. Gaskiya ne ita ta mayar da Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci. To, Malam, Tanbihul Gafilin da ta rubuta da Larabci a 1820 fa, na wa ne? Waƙar Gewaye, wadda ta tsara tarihin hijira da yaƙoƙin jihadi a cikinta fa? Marsiyyar da ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, Shehu ne ya rubuta mata, alhali ya riga mu gidan gaskiya tun 1817? Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukanta kusan 60 suka buga a 1997. A nemo a karanta.

Ya ce fitar mata neman karatu al'adar Nasara ce. Asma'u ta rasu a 1864, Turawa kuwa ba su ci Sakkwato ba sai 1903. Tun tana raye take naɗa jajis, dattijan mata, ta ɗora musu malfa, su jagoranci 'yan taru, wato mata masu neman karatu, daga ƙauyuka zuwa gidanta. Su haddace waƙoƙin tauhidi da hukuncin salla, su koma su koyar da matan da aure da raino suka hana tafiya. Bayanta 'yar'uwarta Maryam ta riƙe aikin. Shehu da kansa, a Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Malam ya san littafin.

Zancen cewa wannan labarin Sakkwatawa ne, bai shafi Abzin ba, shi ya fi rauni. Har Agadas Shehu ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru neman ilimi, a lokacin babu iyakar da ta raba Gobir biyu.