KARKATAR HOTO DABAN, JINGINAR GINI DABAN

Sanin kowa ne cewa ruwa ba ya kwanciya a karkace. Duk inda ya taru, a madatsar Tiga ne ko a kududdufin bayan gari, shimfiɗe yake daram, kuma ido ya san haka tun ba a koya masa ba. Shi ya sa in aka nuna wa mutum hoton tafki wanda mai ɗauka ya ɗan kwantar da hannu, nan take sai ya ji kamar ruwan zai tsiyaye ta gefen takarda. Wannan laifi ba shi da uzuri a yau, tun da yake wayoyin hannu suna da layukan raga da ake daidaita mahaɗar sama da ƙasa da su, kyamarori da yawa kuma suna da ma'auni irin na magina. In ma hazon hunturu ya rufe nesa, ko bakin tafkin ya lanƙwashe yana ruɗar ido, sai a dubi itace da inuwarsa cikin ruwa: in hoto ya zauna, inuwar tana ƙarƙashin itacen cif.

To, wannan mai sauƙin ke nan. Inda gizo yake saƙa shi ne abubuwan da suke tsaye. In mutum ya matsa kusa da dogon gini ya ɗaga kan kyamara don ya kamo ƙololuwarsa, sai bangaye su riƙa tsukewa suna hawa, ginin ya zama kamar zai faɗi ta baya. Dalili kuwa shi ne saman ginin ya fi gindinsa nisa daga kyamara, kuma fuskarta ta daina kallon bangon gaba da gaba. Maganin abin tsoho ne, watau a ja da baya, ko a hau tudu, a riƙe kyamara tsaye. Tun farkon shekarun 1960 kamfanin Nikon ya fito da gilashi mai gocewa sama musamman domin wannan aiki. Yanzu kuwa manhajar kwamfuta ce take miƙe bango da taɓawa ɗaya, kuma a nan ne abin tsoron yake.

Ita manhaja zato take kowane bango a miƙe aka gina shi, kamar na bulo da siminti. Ginin ƙasa na Hausa ba haka yake ba. Magini yakan jera tubali da kauri a gindi, yana rage shi sannu a hankali har ya kai zanko, domin gindin ne yake ɗauke da nauyi, shi ne kuma ruwan damina yake fara ci. Ashe ke nan jinginar da ake gani a bangon zaure, ko a ragowar ganuwar Kano, ilimi ne, ba kuskuren mai hoto ba. Alal misali, hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka fara ginawa wajen 1515, aka sabunta a 1844, tsawonta mita 27 ne, kuma da gangan aka sa ta tana sirancewa har sama. Wanda ya matsa mata lamba a kwamfuta har gefunanta suka miƙe sambal, garin neman gira ya rasa ido: ya kumbura mata kai, ya ba jama'a hasumiyar da babu ita a duniya. Haka nan abin yake ga Gobarau ta Katsina.

Kada a ɗauki wannan ƙaramar magana. Ginin ƙasa kullum zaizayewa yake yi, wani ma a rushe shi a zuba siminti, har ya zama hoto ne kaɗai shaidar da ta rage wa ɗalibin tarihi da maginin da za a kira gyara. Shaidar da aka yi wa kwaskwarima kuwa ina amfaninta?

Saboda haka mai ɗaukar irin wannan gini kada ya auna tsayuwar hotonsa da gefen bango. Ya nemi abin da ya tabbata a tsaye yake, ko igiya mai dutse a rataye, ko layin da ya ratsa tsakiyar hasumiyar daga gindi zuwa ƙololuwa. In wannan layi ya miƙe, ƙasa kuma ta kwanta, kuma daga nesa aka ɗauka ba tare da ɗaga kan kyamara ba, to sauran jinginar da ta rage ta magini ce, sai a bar masa abarsa.