A Gyara Kuloci Tun Damina Ba Ta Faɗi Ba

'Yan'uwa manoma, galibin taraktocin da ke aiki a Jega da Aliero da Maiyama tsofaffi ne, irin su Massey Ferguson 165 da 375, da Steyr da aka harhaɗa a Bauchi. Tsufa bai hana su aiki ba. Abin da ya fi kwantar da su shi ne kuloci da PTO, wato sandar nan ta baya mai juya injin casa da injin farfasa ƙasa.

Kuloci ba ya mutuwa sai ya ba da alama. In aka ji ƙauri, ko inji yana kuka tarakta ba ta ja, ko giya tana ƙara wajen shiga, to faranti ya cinye ko saiti ya ɓaci. Direba mai ɗora ƙafa kan feda yana tafiya shi ne babban mai cinye shi.

Ga ra'ayinmu. Ba a canja kuloci sai an raba tarakta gida biyu. Tun da haka ne, in an buɗe, a canja farantin tafiya da na PTO da boris gaba ɗaya. Wasu za su ce kuɗi ya yi yawa, a sa faranti ɗaya a lallaɓa. Gaskiya ne kuɗi na wuya, amma araha ba ta ado. Wanda ya lallaɓa zai biya makaniki sau biyu, na biyun kuwa a watan Yuni, gonakin 'yan ƙungiya na jiran huɗa.

Saboda haka kowace ƙungiyar gama kai ta ware wani abu daga kuɗin haya, a rubuta a littafi, a yi gyara a Maris ko Afrilu.

Sai maganar PTO. An yi ƙaramin notin sandar don ya karye in aiki ya yi nauyi, ya ceci giya. Kada a musanya shi da mai tauri. Sandar tana juyawa sau 540 a minti, wato sau 9 kowace daƙiƙa. In ta kama bakin riga, babu mai iya ƙwace kansa. A mai da murfinta, a kashe inji kafin a matsa kusa, a kori yara.

Shugabannin ƙungiyoyi, ku sa wannan magana a taronku na gaba. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.